Ɗanka ya iya waya, amma ya iya kwamfuta?

Duk shekara, da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ɗakin kwamfutar makarantarmu yakan cika ya batse. Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin, ni ne kuma malamin darasin kwamfuta na 'yan babbar sakandare. Aikin farko da nake ba 'yan aji shida ɗan ƙarami ne: kowa ya zauna, ya kunna kwamfutar da ke gabansa, ya rubuta cikakken sunansa da sunan unguwarsu. Shi ke nan. To, a nan ake yin ta. Yaron da ke da shafi a TikTok, wanda a gida shi ake ƙwala wa kira in wayar Baba ta rikice, sai ka gan shi ya ƙura wa maɓallai ido yana farautar harafi da yatsa guda, kamar kaza na tsintar tsaba. Wata ta ɗaga linzamin kwamfuta sama tana auna allo da shi kamar rimot. Wani kuwa ya sa yatsa yana shafa gilashin, yana jira ya ga ya motsa irin na waya.

Ba na yi musu dariya, domin ni ma da gemuna na fara taɓa kwamfuta. Abin da ke damuna maganar da iyaye ke yi mini ne idan na roƙe su su bar yara su riƙa tsayawa atisaye bayan an tashi. "Haba Malam, ai yaran yanzu da kwamfuta aka haife su." Wallahi kallon kitse ake yi wa rogo. Waya an ƙera ta ne yadda ko jinjiri zai iya shafa ta. Shafa ba ta koya wa yaro buga rubutu, ko adana takarda ya dawo gobe ya same ta, ko aika saƙon imel da hoton takardar shaida a maƙale, ko cike fom ba tare da ya sa sunan mahaifi a gurbin nasa ba.

Ga abin da ke jiran yaron. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, kowa a kan kwamfuta yake rubutawa. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Hukumar ta sauƙaƙa abin, ba sai ka iya linzami ba. Harafin A, B, C ko D na zaɓen amsa ne, N ya kai ka tambaya ta gaba, P ya mayar da kai baya, S kuwa na miƙa aiki ne. A baki abu ne mai sauƙi. Amma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya shiga ɗaki mai ɗaruruwan mutane, ga agogo a saman allo yana cin lokaci, hannunsa rawa yake yi. Minti goma na farko a firgici suke tafiya, tambayoyi goma sha biyar ke nan sun bi ruwa. Na sha ganin ɗalibin da ya fi kowa lissafi a aji ya dawo da makin da bai kai na wanda yake koya wa ba, kuma da na bincika sai in tarar ya san amsoshin sarai, na'urar ce ta razana shi. Akwai jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. Iyaye da yawa na ganin kuɗinta asara ce. Ni kuwa ban san kuɗin da ya fi wannan amfani a duk hidimar JAMB ba.

Kuma abin bai tsaya a JAMB ba. WAEC ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya. Ana iya jayayya kan lokacin da aka ɗiba, ni ma ina cikin masu cewa makarantun karkara ba su shirya ba. Sai dai inda aka dosa a fili yake, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata matsala da ba a cika maganarta ba, ita ce ta fi ci mini rai. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma ana tura ta ne daga layin waya zuwa 55019 ko 66019, a karɓi lambar da za a yi rajista da ita. Wannan layin ya zama igiyar da ta ɗaure yaron da hukumar. Ta nan saƙonni ke zuwa, da shi ake duba sakamako. Sai ka ga an yi da layin kawu, kawu ya tafi cirani Legas. Ko da layin maƙwabciya, wayar ta faɗa rijiya. Imel ɗin da aka yi rajistar da shi kuwa mai shagon intanet ne ya buɗe, shi kaɗai ya san kalmar sirrin, bayan wata uku shi ma ya manta ko ya tashi daga shagon. Wata ɗalibata ta zo mini da hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Malam, an ce an ba ni gurbi, amma na kasa shiga in karɓa." A lokacin, gurbin karatu sai ɗalibi ya shiga shafinsa na hukumar da kansa ya danna cewa ya amince. Kwana uku muka yi muna neman wanda ya buɗe mata imel. Mun dace, amma ba kowa ke dacewa ba. Shi ya sa a ajina ba wanda ke fita daga aji biyar sai ya buɗe imel da hannunsa, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya kai wa mahaifiyarsa ta adana masa a inda take ajiye takardun haihuwa.

Sai kuma baƙuwar da ta shigo mana aji ba sallama, wato ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022. A 2024 kuma Meta AI ya bayyana a cikin WhatsApp a Najeriya, daga nan kowane yaro mai waya ya samu wanda zai rubuta masa aikin gida kyauta. Abokan aikina suka fara kawo mini ƙara. Malamin Turanci ya ce yaron da bai iya haɗa jimla uku ba ya kawo masa insha'i kamar na farfesa. Wasu suka ce a hana kawai. Ni ban yarda da hanin ba, don abin yana aljihun yaro, kuma ni kaina ina amfani da shi wajen tsara darasi da fitar da tambayoyin gwaji. Yana rage mini aikin dare sosai.

Amma dole yaro ya san halin abin da yake hulɗa da shi. Waɗannan manhajoji an ɗura musu tarin rubuce-rubuce ne, suka koyi yadda kalma ke bin kalma. Idan ka yi tambaya, suna jero maganar da ta fi kama da amsa. Sau da yawa ta yi daidai. Wani lokaci kuwa ƙarya ce tsagwaronta, a cikin lafazi mai daɗi, ba ko inda-inda. A Hausa da tarihin ƙasarmu abin ya fi muni, saboda rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Turanci.

Malamar Hausa ta taɓa nuna mini aikin wani ɗalibi da ya kwafo daga ɗaya daga cikin manhajojin nan, an rubuta wai Abubakar Imam ne ya rubuta Ganɗoki. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san na Muhammadu Bello Kagara ne. Na Imam shi ne Ruwan Bagaja, Shaihu Umar kuma na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu daga wata gasar rubutu da aka yi a 1933. Maimakon bulala, sai na mayar da abin darasi. Na aika aka ɗauko littafin daga laburare, na ce yaron ya karanta sunan da ke bango. Sannan na tambayi ajin: idan wani ya zo masallacin unguwarku ya ce ga hadisi, me malam zai fara tambayarsa? Suka ce, "Wa ya ruwaito?" Na ce to wannan tambayar ita za ku riƙa yi wa waya. Mu da muka gaji al'adar bin isnadi, abin kunya ne a ce na'ura ta faɗa mana magana mu haɗiye ba mu nemi tushenta ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini aiki daga manhaja ina karɓa, da sharaɗi biyu: ya tashi ya bayyana shi da bakinsa, kuma ya nuna mini littafi ko shafin da ya tabbatar da shi. Wannan tarbiyyar ce kuma za ta tsare shi ranar da aka turo masa saƙon tallafin karatu na bogi ana neman lambar BVN ɗin mahaifinsa, ko bidiyon da aka haɗa da muryar wani malami yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

'Yan mata fa? A gidaje da yawa ba a ba su waya, ba kuma a barinsu zuwa shagon intanet, don haka su ne suke zuwa mini a baya. Amma su ne suka fi saurin kamawa, domin suna karanta umarnin da ke allo kafin su danna. Samari danna-danna kawai suke yi.

'Yan uwana shugabannin makarantu, wannan taku ce. Na shiga makarantu da dama inda kwamfutoci ke jere, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani, mabuɗi na aljihun shugaba, wai kada yara su lalata kafin masu duba makarantu su zo. Na san babu wuta, na san man janareto ya yi tsada. Amma kwamfuta biyar da ƙaramar sola sun isa aji ya yi karɓa-karɓa, kuma akwai manhajojin atisayen JAMB da ke aiki ba tare da intanet ba. Kwamfutar da ta lalace a hannun ɗalibi ta biya kuɗinta.

Iyaye kuma, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Tun yaro na aji huɗu a yi masa NIN, a duba sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na takardun makaranta. A tanadi layi guda na musamman don rajistarsa, a riƙa sa masa kati kada a rufe shi. A biya masa ko awa guda a mako ya zauna gaban kwamfuta ta gaske, mace ce ko namiji, in ya so yayanta ya raka ta. Kuma yau da daddare, idan ya kawo muku aikin gida mai kyau, ku karɓe wayar ku ajiye gefe, ku ce ya bayyana muku shi da Hausa.