Kwamfutar Nutso: Wacce Za Ka Ɗaura a Hannu?

Wani mai bibiyar wannan fili da ke aiki a Jidda ya aiko da tambaya. Ya gama kwas ɗin farko na nutso da tukunyar iska, ya karɓi shaidar da ta ba shi damar sauka har mita 18, sai ya shiga shago ya tarar da kwamfutocin nutso birjik, wata ta ninka wata kuɗi sau huɗu ko biyar. Tambayarsa ita ce ko mai tsadar ta fi kare rai.

Malam, ba ta fi ba. Amma bari mu fara da aikin na'urar tukuna.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke tukunyarka naitirojin ce. A mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, a mita 30 sau huɗu, kuma gwargwadon matsin nan naitirojin ke narkewa a jininka da tsokarka. Idan ka taso da garaje sai ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka ɓalle murfinta. Daga nan ciwon gaɓɓai ke zuwa, ko mutuwar sashen jiki, wani lokaci har shanyewa. Da can jadawali ake bi, irin wanda John Scott Haldane ya fara tsara wa sojojin ruwan Ingila a 1908. Jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, na ba ka minti 56 a mita 18, minti 20 kacal a mita 30, kuma yana ɗauka cewa duk nutson a wuri mafi zurfi ka yi shi. Ita kwamfuta tana bin ka ƙasa da sama, tana sabunta lissafi, ta nuna maka mintocin da suka rage, ta yi ƙara idan hawanka ya wuce kimanin mita 10 a minti, ta ƙirga maka minti uku na tsayawa a mita 5. Mafi arharsu ma tana yin wannan duka.

Abin da babu wadda ke yi shi ne auna jininka. Hasashe ne kawai na lissafi. Ba ta san shekarunka ba, ba ta san ka kwana ba barci ko ka wuni a ranar Bahar Maliya ba ka sha ruwa ba.

To, me za ka duba? Fuskar na'urar kafin komai. A mita 30 haske ya ragu, gilashin fuska ya yi raɓa, naitirojin ta fara sa maka ɗan maye, tunani ya yi nauyi. A nan kana bukatar lambobi biyu su faɗo maka a ido ba tare da lalube ba: zurfi da sauran minti. Masu kama da agogon hannu suna da kyan gani a ofis, amma wanda ya haura arba'in ya fara nesanta takarda kafin ya karanta, gara ya ɗauki mai faffaɗar fuska irin Suunto Zoop Novo ko Shearwater Peregrine. Tun a shagon ka ɗaura ta, ka miƙe hannu, ka gwada canja saiti da kanka. Cressi Leonardo da Mares Puck Pro maɓalli ɗaya gare su. Wasu na son hakan, ni kam yana gundurata, don in ka wuce abin da kake nema sai ka sake zagayowa.

Sai tsarin lissafi. Kwamfutocin Shearwater da Garmin na amfani da na Albert Bühlmann, likitan nan na Zurik, Zoop kuma na aiki da tsarin RGBM, wanda ya fi tsaurarawa idan ana jera nutso. A nutson farko da ƙyar za ka ga bambanci. Ranar da ka bi jirgin ruwa na mako guda daga Bur Sudan ko Sharm al-Shaikh, ana shiga ruwa sau uku a yini, za ka ga taka ta ce saura minti takwas, ta abokin nutsonka na ba shi ashirin. Ba lalacewa ta yi ba. Wadda ta fi tsanani ita za ku bi, ku biyun.

Kada ka sayi wadda ba ta da saitin naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, galibi zuwa kashi 32. Tana tsawaita lokaci, amma iyakarta kimanin mita 33, don oksijin ma guba ce idan matsi ya yi yawa. Kuskuren da na fi tsoro shi ne mutum ya bar saiti a 32 alhali tukunyar yau iskar gama-gari ce: na'urar za ta ba shi mintocin da ba nasa ba.

Batir kuwa, ka tambaya ko za ka iya canja shi da kanka, kuma duk canji ka sa sabon zoben roba na murfin, don ƙwayar yashi ɗaya a kansa ta isa ta shigar da ruwa. Na'urar da ke aiko wa kwamfuta yawan iskar tukunya abin jin daɗi ce, ba dole ba. Kuɗinta ka biya ƙarin kwas da su.

Kada ku yi karba-karba da kwamfuta ɗaya, domin naitirojin da ta adana a lissafi ta wanda ya ɗaura ta ɗazu ce. Idan kuma ta kulle don ka tsallake tsayawar dole da ta umarce ka (Zoop na yin awa 48), kada ka ari wata ka koma ruwa.

Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan jerin nutso. Kai da ke Jidda, hawa Ɗa'if da mota ma yana cikin wannan hukunci, don tudunta ya haura mita 1,500. In ka yi nutso da safiyar Juma'a, shan iskar can sai Asabar.