HAƘƘIN HANYA DA NA RUWA A MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani babi wanda galibi ake mantawa da shi a wajen wa'azi, watau hukuncin hanya da ruwa a cikin gari.

Garin Kazaure, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Daura, ya bunƙasa ƙwarai tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Sababbin unguwanni sun fito, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu sun ƙara yawan jama'a, motoci da babura sun yawaita. Haka Roni da Gwiwa suke ƙara faɗi, haka kuma Ɓaɓura wadda ke bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. To, duk garin da ya girma ba tare da tsari ba, cuta da hatsari sukan girma tare da shi, shari'a kuwa ta riga ta yi magana a kan wannan.

Abu na farko shi ne faɗin hanya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hukunci a bar kamu 7 idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya, wato kusan mita 3 da rabi. Sa'ad da aka zana birnin Kufa a zamanin Sayyadi Umar, shekara ta 17 bayan Hijira, malamin tarihi Ɗabari ya ambata cewa an ba manyan hanyoyi kamu 40, an ba lunguna kamu 7. Daga baya wani magini Bamalike na birnin Tunis, Ibnu Rami, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda a ƙarni na 14. Saboda haka wanda ya turo katangarsa ko dakalinsa ko rumfarsa cikin hanya ya ci haƙƙin Musulmi baki ɗaya, kuma ranar da ake neman shigo da mota don ɗaukar mai naƙuda ko kashe gobara, alhakin jinkirin yana wuyansa.

Abu na biyu shi ne kawar da cuta daga hanya. A cikin hadisin Abu Sa'idul Khudri, Annabi (S.A.W.) ya shardanta wa masu zama a bakin hanya abubuwa biyar: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da kyakkyawa, da hani ga mummuna. A wani hadisin na Muslim kuma ya ƙidaya gusar da abu mai cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Malamai sun shigar da duk wani nau'in cutarwa a nan. Direban da ya yi lodi fiye da ƙima, da mai babur da ke tsere a tsakiyar kasuwa, da mai zuba shara a cikin lambatu har ruwan damina ya rasa mafita ya rusa gidan maƙwabci, duk sun saɓa wa wannan umurni.

Abu na uku shi ne ruwa, nan ne kuwa maganar ta fi nauyi. An hana biyan bukata a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ruwayar Abu Dawuda kuma ta ƙara da mashaya. An kuma hana fitsari a cikin ruwan da ba ya gudana. Likitoci sun bayyana hikimar haka. Kwalara, watau ciwon amai da gudawa, tana yaɗuwa ne idan bayan gida ya gauraya da ruwan sha ko abinci. Tsargiya kuwa, ƙwayayenta suna fita ne cikin fitsarin mai ciwon, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga jikin ƙananan katantanwa, sa'an nan su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka. Wannan abin lura ne ga duk mazauna gefen madatsar ruwa ta Kazaure da kududdufan ƙauyuka. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. A watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta rabu da bayan gida a fili. Wannan abin godiya ne, amma fa masai yakan cika, yakan kuma rufta da damina, sai an ci gaba da gyara.

Nauyin ya rabu gida uku. Hukuma ita ce za ta yanka filaye da tsari, ta ware hanya da magudana da maƙabarta kafin a fara gini, kamar yadda muhtasibi yake kula da kasuwa da hanyoyi a daular Musulunci. Dagatai da masu unguwanni su ne za su tsawata tun ana jera tubalin farko, domin rushe katanga ya fi hana ta wuya. Magidanci kuwa shi zai haƙa masai nesa da rijiya, ya rufe shi, ya hori iyalinsa da wanke hannu. Limamai ma ya kamata su riƙa tunatarwa a huɗuba kafin faɗuwar damina.

Allah Ya ba shugabanni ikon adalci, Ya ba jama'a ikon kiyaye haƙƙin juna, Ya kare garuruwan Musulmi daga annoba, amin.