Kafin Ka Sauya wa Skyrim Kamanni

In ka gaji da wasan Skyrim yadda Bethesda ta fitar da shi a 2011, fara tambayar kanka: me ya ishe ka? In sauƙin faɗa ne, ɗauki mod ɗin Requiem. A cikinsa abokan gaba ba sa jiran ka yi ƙarfi. Ka leƙa kabarin draugr, matattu masu yawo, da wuri, sara biyu ka sha ƙasa. Sai mai haƙuri. In kuwa hanyoyin gina jarumi ne suka yi maka kaɗan, mod ɗin Ordinator ya wadatar, kuma shi na fi ba sabon shiga.

Kada ka haɗa su biyun, domin wuri ɗaya suke taɓawa. Karanta bayanin kowanne a Nexus Mods, ka girka da Mod Organizer 2, sannan ka fara sabon wasa. Tsohuwar ajiyarka ba za ta ɗauki Requiem ba.