Idan Akwai Komai, Kada Ki Ce "Ba Komai"

Karatu: 1 Sama'ila 25:14-38, Ayyukan Manzanni 5:1-11

Wata 'yar'uwa da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ta same ni bayan sujada tana kuka. Sau uku maigidanta yana ɗibar kuɗin adashinta ba tare da ya tambaye ta ba, sau uku kuma tana ce masa "ba komai." Amma zumuntar mata duka ta ji labarin, da sunan roƙon addu'a. Shi kaɗai ne bai ji daga bakinta ba.

'Yan'uwana mata, an koya mana cewa mace ta kirki ba ta magana, har muka ɗauka shiru shi ne biyayya. Ku duba Safiratu. Ta san Hananiya ya ɓoye wani kaso na kuɗin filin, ta goyi bayansa. Bayan kamar awa 3, Bitrus ya tambaye ta ita kaɗai, ta maimaita ƙaryar mijinta. Hukuncin bai tsallake ta don ita matar aure ce ba.

Abigiyel kuwa, da ta ji Dawuda na tafe da mutum 400 saboda wulaƙancin da Nabal ya yi masa, sai ta tashi da guzuri ta tare shi, ta yi magana da ladabi, ta hana a zubar da jini. Abin da na fi so mu lura da shi yana a aya 36 da 37. Ta dawo ta tarar Nabal ya bugu, ba ta ce masa uffan ba a daren. Da gari ya waye, giya ta sake shi, ta faɗa masa duka. Ta jira lokacin da ya dace, amma ba ta binne maganar ba.

Ki fara da shi, ku biyu kaɗai, yadda Matiyu 18:15 ta tsara, ba a gaban yara ko maƙwabtan da kuke haya tare a Sabon Gari ba. Ki ce, "Baban yara, kuɗin nan jarina ne, raina ya ɓaci. Idan kana da bukata, ka tambaye ni." Kada ki tono laifin bara. Idan kuwa abin ya kai ga duka, wannan ya wuce haƙuri, ki sanar da fasto da dattawan ikilisiya a ranar.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin hali in faɗi maganar da na daɗe ina haɗiyewa, cikin sunan Yesu. Amin.