Yadda ake yankar katin zaɓe a ƙauye har a kai ga jefa ƙuri'a

Rajista kyauta ce. Duk wanda ya ce ka kawo na goro kafin a rubuta sunanka, cutarka zai yi. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin acaɓa zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukuma ba, sai ɗan abin sawa a baki, don layin yakan kai la'asar. Idan an kawo na'urar rajistar mazaɓarku, ka huta. Sharaɗin shi ne ka cika shekara 18, kana ɗan Najeriya, kuma kana zaune a wurin, ko aiki kake yi a can, ko asalinka ɗan can ne. Tafi da takardar haihuwa ko ta NIN. Saurayin da gemu bai tsiro masa ba shi aka fi tsarewa da tambaya, kada ya je hannu rabbana.

Masu shagon kwamfuta za su ce sun yi maka a intanet, su karɓi kuɗinka. Wannan share fage ne kawai. Sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma kafin a ce ka yi rajista.

Kafin ka tashi daga gaban ma'aikacin, sa ya karanta maka abin da ya rubuta. Muhammadu yakan koma Mohammed, Hauwa'u ta koma Hawa, a kuma jefa ka rumfar wata unguwa. Gyara a nan minti biyu ne, bayan an buga kati kuwa sai ka yi ta sintiri. 'Yar takardar da za a ba ka, naɗe ta a leda ka adana. Ba ita ce katin ba, ba a zaɓe da ita.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi faɗawa rami. Rajista sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. An kai amarya wani ƙauye, sai dangin miji su ce ta je ta yanki sabon kati a nan. Ɗan ci-rani ya yi tasa a Legas, ya dawo gida da damina, sai a ce sake wata. Wani ambaliya ta tafi da katinsa, shi ma ya bi layin sababbi. Duka ukun sun yi aikin banza, kuma a doka laifi ne. Kwamfutar hukumar tana gwada yatsu da fuska, ta ga mutum ɗaya ne, ta soke sabuwar rajistar. Ba wanda zai aiko maka da labari. Za ka yi ta zuwa ofis ana ce maka katinka bai iso ba, alhali ba zai taɓa isowa ba. A 2022 kaɗai sama da miliyan 2 da dubu 700 aka soke, yawanci saboda wannan.

Abin da amarya da ɗan ci-rani za su nema shi ne sauyin rumfa. Su je ofishin INEC na inda suka koma da tsohon katin, su ce suna so a dawo da su nan, su faɗi sunan mazaɓa da rumfar da ta fi kusa da gida. Mai ɓataccen kati kuwa ya ce a sake buga masa. Ka faɗi wannan da bakinka tun daga ƙofa, don idan ka ce kawai "na zo yankar kati", layin sababbi za a nuna maka. Kada kuma ka jira sai an fara kiɗan siyasa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta rufe karɓar irin waɗannan buƙatu kwana 90 kafin zaɓe.

Idan aka kafe sunaye a mazaɓa, je ka duba naka, ka duba na iyalinka. A 2021 an ƙara rumfuna 56,872, suka zama 176,846, aka kuma kwashe wasu mutane daga rumfunan da suka cika zuwa sababbin. Da yawa ba su sani ba sai ranar zaɓe, suna tsaye a filin firamaren da suka saba ana cewa babu sunansu.

Karɓar kati ba a aike. Maigida ba ya karɓar wa matansa, mai unguwa ba ya karɓar wa jama'arsa. Kuma don Allah, duk ɗan siyasar da ya zo tattara katuna ko lambobin jikinsu da sunan tallafin taki, ka ce masa ya ƙara gaba.

Ranar zaɓe ana buɗewa ƙarfe 8:30, wanda 2:30 ta same shi a layi zai yi zaɓe ko da dare ya yi. Na'urar BVAS ce ke tantancewa. Manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsu kada ya tayar da hankali, idan yatsa ya ƙi, fuska za a ɗauka. Ni dai ina gaya wa mata su ɗaga wa lalle ƙafa a makon, ko don a rage jayayya a kan layi.

Idan an ba ka takardar ƙuri'a, tawada kaɗan ta isa. Dangwala a cikin akwatin jam'iyya ɗaya, kada ka taɓa layin da ya raba ta da ta ƙasanta. Ɗan jira ta sha iska, sannan ka naɗe takardar a tsaye, don idan ka ninke ta a kwance ɗanyar tawadar za ta manne wa wata jam'iyyar, a ce ƙuri'arka ta lalace. Ba a shiga da waya wurin dangwale. Idan ka gama, koma gefe ka jira a ƙirga a gaban kowa, a rubuta sakamakon, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonsa da BVAS, a liƙa kwafi a bango. Wannan na bangon kana iya ɗaukar hotonsa da wayarka.