Kafin Ku Ɗora Hannu a Kan Hita

'Ya'yana masu aikin famfo da lantarki, sanyi ya kama, hazo ya sauka, kun kuma san daga Disamba zuwa Janairu wayoyinku ba za su huta ba. Hitar da aka manta da ita tun da zafi ya shigo, yanzu ne maigida zai tuna da ita, yana son ruwan wanka da asuba, yana kuma son a gyara ta yau ɗin nan. Kasuwa ce ta buɗe muku, ina taya ku murna. Sai dai ina so ku zauna mu ɗan yi magana tukuna, domin a duk kayan da ke cikin gida ban san wani abu da ya tara haɗari iri-iri wuri guda kamar wannan farin tankin da ke rataye a banɗaki ba. Akwai lantarki a cikinsa, akwai ruwa mai ƙuna, akwai matsi, ga nauyi, kuma duk a ɗan ƙaramin ɗaki mai jiƙaƙƙen daɓe, inda ko juyawa ba ka yi da kyau.

Abin da na lura da shi a tsawon shekaru shi ne, ba rashin sani ne ya fi cutar da yaranmu ba. Kunya ce da gaggawa. Yaro ya san daidai, amma yana jin nauyin ya ce wa Alhaji a jira, ko ya ce wa Hajiya wannan ba zai yiwu ba. Kunya ado ce a wurin gaisuwa da zaman gida, ni ma ita aka koya mini. A gaban buɗaɗɗiyar hita kuwa, dole bakinku ya buɗe.

Mu fara da wuta. Za ku yi sallama, a yi muku iso, wani ya ce, "Ai ma an ɗauke wuta, ku yi aikinku kawai." Kada ku karɓi wannan maganar, ko daga bakin wa ta fito. Wanda ya ɗauke wutar bai yi shawara da ku ba, ba kuma zai sanar da ku lokacin da zai dawo da ita ba. Gidajen yanzu ma ba hanya ɗaya wuta ke shigo musu ba. Ga layin kamfani, ga janareta a bayan gida, ga sola da inbata da batura da ba sa ƙara balle ku ji. Kuna can ciki hannu a kan waya, maigadi yana waje bai san da ku ba, uwargida ta aiko a tayar da inji za ta yi markaɗe, ya ja igiya ya juya canji. Bai yi laifin komai ba, aikinsa ya yi. Saboda haka ku je da ƙafarku inda akwatin rabon wuta yake, ku kashe layin hitar da hannunku. In fis ne ku zare shi ku sa a aljihu. In akwatin na kulluwa ku kulle, makulli ya zauna a jikinku. In ba ya kulluwa, ku manna takarda da rubutu manya, sannan ku faɗa wa maigadi da mutanen gida baki da baki cewa akwai mutum a kan layin. Yaran gida ma a gaya musu, don su ne masu saurin taɓa makunni.

Wannan ɗan makunnin mai jan ido da ke ƙofar banɗaki bai isa ya zama madogararku ba. Mai kyau a cikinsu yana yanke wayoyi biyun duka, amma ba ku san wanda ya haɗa gidan ba. Sau da yawa akan tarar an juya wayoyi, makunni na yanke wadda ba ta ɗauke da wuta, mai wutar kuma ta wuce kai tsaye zuwa cikin hita. Fitila ta mutu, hita ta daina zafi, amma bolt 230 na nan a kwance a kan kusoshinta. Launin waya ma kada ya ruɗe ku. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce abokiyarta. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce abokiyarta, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa. Amma wanda wayarsa ta ƙare a tsakiyar aiki, da abin da ya samu yake ƙarasawa.

To, me ya rage? Gwaji. Ni dai ba na son ku dogara da ƙaramar testar nan mai kamar sukudireba ita kaɗai, don hasken idonta ba ya fitowa sosai da rana, tana kuma iya mutuwa ba ku sani ba. Ku nemi mita, ko da ta kuɗi kaɗan ce. Ku fara gwada ta a soket ɗin da kuka tabbata yana da wuta, ku ga ta amsa. Ku gwada wayoyin hitar, kowace da kowace, da kuma kowace da jikin ƙarfen. Sannan ku koma soket ɗin farko ku sake gwadawa, don ku tabbata mitar ba ta lalace a tsakani ba. Minti biyu ne. Zai yiwu maigida ya tsaya yana kallonku yana ganin kuna jan aiki, ku bar shi ya kalla.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, banɗaki ba kamar falo ba ne. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa buɗe mata ƙofa take yi. Abin da hita mai wat 1500 ke ja ya haura amfiya 6, alhali abin da zai rikita bugun zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Shi ya sa ake sa na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta ji miliamfiya 30 sun bi wata hanya dabam. Duk gidan da kuka shiga babu ita a layin hita, ku ba da shawarar a sa. Ku duba wayar ƙasa kuma, ku bi ta ku ga ko da gaske ta isa ƙasa, don akwai wadda a bayan tayil ta ƙare. In mutanen gida suka ce famfo na ɗan jan su in suna wanka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai yiwuwa ƙarfen da ke dafa ruwan ya fashe, wuta na shiga ruwa. Ku kashe layin, ku ce kada wanda ya kunna sai an gyara. Ku kuma sa takalmi mai kaurin roba, ku goge daɓen, ku cire agogon ƙarfe da zoben azurfa. Ba a wannan aikin da silifas.

Wuta ta mutu, amma ruwan da ke ciki bai san an kashe ba. An naɗe tankin da abin riƙe zafi, yana iya kwana da ɗuminsa. Ruwa mai digiri 60 yana yi wa babban mutum mummunar ƙuna cikin daƙiƙa 5, fatar yaro kuwa ba ta ma kai haka. In kuka kwance ƙarfen dafa ruwa daga ƙasa alhali tankin na cike, lita 50 ce za ta sauko muku a fuska da ƙirji, kuna kan tsani, babu wurin gudu. Ku buɗe famfon zafi ya zuba har ku ji ya huce, ku rufe ruwan da ke shigowa, ku sa tiyo ku tsiyaye tankin zuwa magudana. A fitar da yara daga wurin. Gidan da aka rufe aka yi tafiya mako biyu ko fiye, masu ƙera hita da kansu suna gargaɗin iska mai kamawa da wuta na iya taruwa a cikin tankin, don haka a buɗe famfon zafi na 'yan mintuna, ba taba, ba ashana a kusa.

Yanzu ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. A jikin bututun da ke shigar da ruwan sanyi akwai ɗan bawul mai ƙaramin hanci, wanda kan ɗiga in hita na aiki. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, bawul ɗin ne ke rage matsin. A irin hitocin da suka cika kasuwanninmu yakan buɗe ne in matsi ya kai wajen bar 8. Masu gida ba sa son ɗigar nan, tana ɓata tayil, tana hana barci. Za a ce muku, "Don Allah toshe mana wannan abin." Wani lokaci kuma na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi zafi ce ta lalace, babu sabuwa a hannu, sai a ce ku haɗa kai tsaye kafin gobe. 'Ya'yana, in aka haɗa waɗannan biyun, an yi tukunyar da aka liƙe wa murfi ana ci gaba da iza mata wuta. Ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ranar da ƙarfen tankin ya gaza, sai wani kaso na ruwan ya rikiɗe tururi nan take, lita ɗaya ta ruwa kuma in ta zama tururi tana neman wurin lita kusan 1,700. Abin da ke rushe bango ke nan, ya ɗaga rufi, a kan mutanen da ke barci a ɗakin da ke kusa. Ku ba za ku kasance a wurin ba, amma hannunku ne.

Ku faɗa wa maigida da ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan ɗigar ita ce ke tsaron gidan. Zan sa mata siririn tiyo ta sauka magudana, amma ba zan toshe ba." In ɗigar ta yi yawa, ku duba ƙarfin ruwan da ke shigowa, musamman gidan da ke da injin tura ruwa, ko ku canza bawul ɗin da sabo irinsa. In kuwa ya dage sai an toshe, ku ba shi haƙuri ku tattara kayanku. Kuɗin ranar zai wuce ku, na sani, na kuma san akwai masu jiranku a gida. Allah zai musanya. Ku riƙa ɗaga ɗan hannun bawul ɗin kuna gwadawa a duk gidan da kuka je, don ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana barin farin ɓawo da ke daskarar da shi, ya zama yana nan kamar babu.

Kada tsoron ƙuna ya sa ku rage zafin ya koma ɗumi-ɗumi kawai. Akwai ƙwayar cutar huhu da aka gano bayan ɓarkewarta a taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, wadda ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta tsakanin digiri 20 zuwa 45. Shi ya sa ake barin tanki a wajen digiri 60, a surka a famfo.

Nauyi kuma, kowace lita kilo ɗaya ce, ban da ƙarfen kansa. Hita mai lita 80 in ta cika ta fi yawancinku nauyi. Ba a sauke ta da ruwa a ciki, ba a kuma sauke ta mutum ɗaya. Wajen ratayawa ku ƙwanƙwasa bangon, bulo mai rami da ba shi da isasshen siminti ba ya riƙe ƙugiya. Ku zo da tsani na gaskiya, kada ku hau kifaffen bokiti ko bakin abin wanke hannu. Hita mai aiki da gas ba ta da yawa a wajenmu, amma in kun gamu da ita ku sani ba a sa ta a rufaffen banɗaki, don hayaƙinta marar wari yana kashewa, kuma da ruwan sabulu ake neman yoyo, ba da ashana ba.

Na kan ji wasunku na cewa in kwana ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma shi ya ba mu hankali ya kuma hore mana sababi, malamanmu ba su taɓa koya mana cewa sakaci tawakkali ba ne. In Allah ya ƙaddara wuta ta kama abokin aikinku, kada ku cafke shi, za ta haɗa da ku. Ku kashe daga akwati, in ya yi nisa ku ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi, ku kwantar da shi a rigingine ku riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Ba a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, man goge baki, manja ko baƙin mai. A cire zobe kafin hannu ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a tafi asibiti.

In kun gama gyara, kada ɗoki ya kai hannunku kan makunni. Ku buɗe famfon zafi, ku saki ruwan sanyi ya shiga, ku jira har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai ba ya tsartuwa. Ƙarfen dafa ruwa in aka ba shi wuta a busasshen tanki nan da nan yake ƙonewa, sabon da kuka sayo da kuɗin mutane. Ku duba yoyo, ku mayar da murfin wayoyi ku ɗaure, sannan ku je ku mayar da fis. Ku tsaya har hitar ta yi zafi ku ga ta kashe kanta. Kafin ku yi sallama, ku kira maigida ko babban ɗansa ku nuna masa bawul ɗin da inda ake kashe layin, ku kuma roƙe su su riƙa kashe hitar kafin kowa ya shiga wanka.