Darasi Daga 'Yan Gudun Hijirar Tibet: Koyarwar Sa-kai Da Ilimin Sana'a

'Yan'uwa mata, darasinmu na wannan fitowa zai kai mu can gindin duwatsun Himalaya, mu duba yadda wasu mutane da suka bar ƙasarsu hannu rabbana suka tsaya da ƙafafunsu. Tambayar ita ce: idan an ba ɗan gudun hijira abinci da bargo, sai kuma me?

Tibet ƙasa ce mai tsaunuka da tsananin sanyi a arewa da Indiya da Nepal. Sojojin ƙasar Sin sun shiga cikinta a 1950. A watan Maris na 1959 aka yi bore a Lhasa, babban birninta, aka murƙushe shi, sai shugabansu Dalai Lama ya tsere zuwa Indiya, mutane kimanin 80,000 suka bi sawunsa. Yawancinsu manoma ne da makiyaya mabiya addinin Buddha, ba su jin Turanci, ba su jin Indiyanci. Aikin da ya samu a farko shi ne fasa dutse a wajen gina hanyoyi. Uwa tana fasa dutse, ɗanta yana kwance a bakin hanya. Zafin da ba su saba da shi ba, da gudawa da tarin fuka, suka yi ta ɗaukar rayuka, musamman na ƙananan yara.

Mata ne suka fara motsawa. A watan Mayu na 1960 aka kwaso yara 51 daga sansanin masu aikin hanya aka kawo su garin Daramsala, yayar Dalai Lama mai suna Tsering Dolma ta karɓi renonsu. Da ta rasu a 1964 ƙanwarsu Jetsun Pema ta ɗora, ta riƙe aikin har 2006, wato shekara 42 ke nan. Wannan ɗan gidan reno shi ne ya zama Ƙauyen Yaran Tibet, mai makarantu a sassan Indiya daban-daban, inda ake raba yara gida-gida, kowane gida da matar da ke tsaye a matsayin uwa.

To yara sun samu makaranta, manya fa? A nan ne darasin ya fi ƙarfi. A watan Oktoba na 1959 aka buɗe cibiyar taimakon kai da kai a garin Darjilin, da ma'aikata huɗu kacal, kuma mace ce ta jagoranci kafa ta, matar wan Dalai Lama. Ba a nemo wata baƙuwar sana'a aka ɗora musu ba. An duba abin da hannunsu ya riga ya iya ne tun daga gida, wato kaɗin gashin tumaki da rini da saƙar darduma, sai aka gyara shi ya dace da kasuwa. A Nepal ma haka aka yi a unguwar Jawalakhel, da taimakon ƙasar Siwizalan da ƙungiyar Red Cross. Kin san inda abin ya kai? Kafin shekarun 1990 darduma ta shiga sahun gaba cikin kayan da Nepal ke fitarwa waje, har 'yan ƙasar da suka ba su masauki suka riƙa cin abinci a sana'ar baƙinsu.

Akwai dalilin da ya sa suka riƙe sana'a da hannu biyu. Indiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka yawancinsu a matsayin baƙi suke zaune, da takardar rajista wadda ake sabuntawa. Mallakar fili da samun aikin gwamnati suna da wuya ga mai irin wannan takarda. Wanda ba ya jiran albashi kuwa dole ya nemi abin da zai sayar. Shi ya sa da sanyi ya kama, daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu, iyalai da yawa kan saro rigunan sanyi daga masaƙun Ludhiana su bazu biranen Indiya suna kasawa a bakin titi, kuma mata da dama ne ke zaune a rumfunan. Sai dai mai rumfa tana bukatar lissafi, tana bukatar yaren da za ta yi ciniki da shi. Nan ne karatu da sana'a suka haɗu.

Daga shekarun 1980 zuwa 2008 an ci gaba da samun sababbin zuwa, a wasu shekarun dubu biyu zuwa uku, suna ƙetare ƙanƙara da ƙafa na makonni su sauka Nepal. Cikinsu akwai samari da 'yanmata da suka wuce shekarun shiga firamare, amma ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Saboda su aka buɗe wata makaranta ta musamman kusa da Daramsala a 1993, ga masu shekara 18 zuwa 30, ana koya musu yarensu da Turanci da kwamfuta da ɗinki. Ƙauyen Yaran Tibet kuma yana da cibiyar koyon sana'a a Selakui kusa da Dehradun, inda ake koyar da irin su girki da gashin burodi da aikin otal da gyaran gashi.

Malaman sa-kai sun shigo ne don cike giɓin yare. Ƙungiyar Lha, wadda aka kafa a Daramsala a 1997, ta yi suna da azuzuwan harsuna da na kwamfuta waɗanda baƙi daga ƙasashe suke koyarwa kyauta. Akwai ajin hira, inda baƙo zai zauna da ɗalibai biyu ko uku su yi ta taɗi da Turanci. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin mai son aiki a otal ko shago bakinsa yake so ya buɗe, kuma wanda ke jin kunyar malami ba ya jin kunyar abokin hira.

Amma ni a ganina akwai inda gizo ke saƙa. Malamin da ya zo na mako biyu ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga "yaya sunanka", ɗalibi zai iya shekara yana gaisuwa bai iya rubuta takardar neman aiki ba. Ga kuma wanda ya iya Turanci amma bai iya koyarwa ba, don jin yare daban, iya sa shi a kan wani daban. Ajin hira yana iya jure wa mai zuwa ya wuce. Aji mai manhaja kuwa sai da wanda zai zauna watanni, ya rubuta inda ya tsaya, kuma ya kasance akwai malami ɗan gida da ke riƙe da ragamar. Ki lura da cewa cibiyoyin da muka ambata a sama 'yan Tibet ne da kansu ke gudanar da su, baƙi dafa musu kawai suke yi.

Wataƙila ba ki san akwai Musulmi a cikinsu ba. Ana kiransu Kache, kuma da yake asalin kakanninsu daga Kashmir ne, Indiya ta karɓe su a matsayin 'yan ƙasa a wajen 1960. Da yawa sun zauna a Srinagar, an san su da aikin surfani a kan tufafi, suna kuma da makarantarsu da ke karɓar har yaran maƙwabta.

Bayan zanga-zangar 2008 Sin ta tsananta tsaron kan iyaka, masu isowa suka ragu matuƙa. Ƙidayar 2009 ta nuna kimanin 94,000 a Indiya, kuma tun daga nan matasa da yawa sun wuce Turai da Amurka da Kanada. Don haka bukata ta canza: azuzuwan sababbin zuwa sun yi ƙaranci ɗalibai, mai shirin tafiya Faransa kuma Faransanci yake nema, ba saƙar darduma ba.